ZUFAR KWANON RUFI: Yadda Za Ka Tsare Sito Da Gareji Daga Ɗigar Ruwa

A ƙauyukanmu yanzu kwanon rufi ya yawaita. Wanda ya sami hali yakan gina sito na ajiyar hatsi, ko gareji na babur da injin ban-ruwa, ko ɗakin kaji, ya rufe da kwano. Kwano yana da amfani. Ba ya cin wuta kamar jinka, ba a sake shi kowace shekara, kuma gara ba ta cinsa.

Amma akwai wata matsala da ke zuwa tare da shi. Mutum zai buɗe sitonsa da sassafe ya tarar ruwa yana ɗiga daga rufi, alhali ba a yi ruwan sama ba. Buhunan da ke sama sun jiƙe. Sirdin babur ya yi laima. Sai ya ce kafinta ya cuce shi, kwano yana yoyo. A hau sama a duba, ba a ga huda ko ɗaya ba.

Wannan ruwa ba yoyo ba ne. Zufar kwano ce. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A wannan wata za mu bayyana inda wannan ruwa yake fitowa, da ɓarnar da yake yi, da yadda za a magance shi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

DAGA INA RUWAN YAKE FITOWA?

Ka lura da tukunya idan ana dafa abinci. In aka ɗaga murfin, za ka ga ruwa yana tsiyaya daga cikinsa. Ba wanda ya zuba wa murfin ruwa. Tururi ne ya tashi daga tukunya, ya taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa.

Haka kuma in ka sayi ruwan sanyi a kwalba ka ajiye, jim kaɗan za ka ga bayan kwalbar ya jiƙe. Kwalbar ba ta fashe ba. Ruwan da ke cikin iska ne ya kwanta a jikinta saboda sanyinta.

Iskar da muke shaƙa kullum tana ɗauke da ruwa, amma ido ba ya ganinsa. Iska mai ɗumi tana riƙe ruwa da yawa. Iska mai sanyi kaɗan take iya riƙewa. Idan iska mai ɗumi ta huce, dole ta sauke ragowar ruwan da ba za ta iya riƙewa ba. Shi ne raɓar da muke gani a kan ciyawa da asuba.

Ga misali da lissafi. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Idan zafi ya kai digiri 30, iskar da ke cikin ɗakin tana iya riƙe ruwa kamar lita 1. Idan ta huce ta dawo digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai fi rabin lita da 'yan kai ba. Sauran ruwan dole ya nemi wurin sauka. Kuma wurin da ya fi sanyi a ɗakin shi yake zaɓa.

ME YA SA KWANO YA FI YIN ZUFA?

Kwano ƙarfe ne, kuma ba shi da kauri. Da rana yana ɗaukar zafi nan da nan. Da dare kuma yana sakin zafin nan da nan. A daren da sama ta washe, babu gajimare, babu iska, kwano yakan yi sanyi har ya fi iskar da ke waje sanyi. Bango da daɓen ɗaki kuwa suna nan da ɗuminsu na rana. Sai iska mai ɗumi da danshi ta tashi sama, ta taɓa kwano mai sanyi, ta sauke ruwanta. Ɗigo-ɗigo su taru, su gangara zuwa katakon rufi, daga nan su ɗigo ƙasa.

Rufin jinka da na soro ba su cika yin haka ba. Suna da kauri, ba sa hucewa da sauri. Jinka kuma tana barin iska ta ratsa ta. Shi ya sa rumbun kakanninmu ba ya ɗigar raɓa daga ciki. Kwano kuwa ba ya shan ruwa, ba ya barin iska ta wuce. Duk abin da ya kwanta a jikinsa sai ya dawo ƙasa.

A ƙasar Hausa wannan matsala ta fi tsanani daga marka, wato watan Agusta, zuwa farkon kaka, wato Satumba da Oktoba. A lokacin ƙasa a jiƙe take, iska cike da danshi, raɓa tana sauka sosai. Kuma a lokacin ne ake shigo da sabon amfanin gona. Da hunturu iska a bushe take, saboda haka zufar takan ragu, sai fa in akwai wani abu mai danshi a cikin ɗakin.

YADDA ZA KA BAMBANTA YOYO DA ZUFA

Kafin ka kira kafinta, ka fara gane abin da ke damunka.

Yoyo yana zuwa ne lokacin da ake ruwan sama. Wuri ɗaya yake ɗiga kullum, galibi a gindin ƙusa ko inda kwano biyu suka haɗu. In ka shiga ɗakin da rana ka rufe ƙofa, wani lokaci za ka hango haske ta hudar.

Zufa kuwa da asuba take zuwa, ko da ba a yi ruwa ba. Ba wuri ɗaya take tsayawa ba. In ka shafa cikin kwanon da sassafe za ka ji ko'ina a jiƙe. Da rana ta ɗaga sai ta bushe, kamar ba a yi ba.

Maganin yoyo shi ne toshe huda ko sake ƙusa. Amma in zufa ce, ko ka sake kwano sabo fil, gobe da asuba za ta dawo.

ƁARNAR DA TAKE YI

Kada ka ce ɗan ɗigo ne kawai. Ɗigon da ake yi kowace asuba har wata biyu ba ƙaramin ruwa ba ne.

Yana sa kwano da ƙusoshi su yi tsatsa daga ciki. Yana ruɓar da katakon rufi, ita kuma gara tana son itace mai laima. Siminti in ya sha danshi sai ya daskare ya zama dutse. Takin zamani, musamman yuriya, yakan dunƙule ko ya narke. Babur, keke, garma da injin ban-ruwa duk sukan yi tsatsa. A ɗakin kaji, shimfiɗa mai laima tana tada wari mai yaji, tana kawo wa kaji ciwon numfashi da na ciki.

Amma babbar ɓarna ita ce ta abinci. Masara, gyaɗa, dawa da sauran hatsi in suka yi laima sukan yi fumfuna. Akwai wata irin fumfuna mai launin kore-kore da ruwan ɗorawa wadda take haifar da guba. Masana suna kiran gubar afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana iya kawo sankarar hanta, tana kuma hana yara girma yadda ya kamata. In aka ba saniya irin wannan abinci, gubar tana fitowa a nononta.

An fara gane wannan guba ne a Ingila a shekarar 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. A shekarar 2004 kuma, a gabashin ƙasar Kenya, mutane 317 suka kwanta ciwo, 125 daga cikinsu suka rasu, saboda cin masarar da aka ajiye da danshi. Ka ga ashe maganar laima a sito magana ce ta rai da lafiya.

Maganin zufar kwano hanya uku ne. Na farko, rage danshin da ke cikin ɗaki. Na biyu, ba iska hanyar wucewa. Na uku, raba iskar ɗaki da kwano. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

HANYA TA FARKO: RAGE DANSHI A CIKIN ƊAKI

Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma da ita ya kamata a fara.

1. Kada ka shigar da hatsin da bai bushe ba. Hatsi ɗanye yana ci gaba da fitar da ruwa a cikin sito. Masarar da aka girbe da ɗan saura tana iya ƙunsar ruwa kashi 20 cikin 100. Ba ta ajiyuwa lafiya sai ruwan ya sauko kamar kashi 13 cikin 100. Buhu ɗaya mai kilo 100 sai ya zubar da ruwa kamar lita 8 kafin ya kai haka. Buhu goma ke nan lita 80, wato jarka huɗu manya. In ba a shanya a rana wannan ruwa ya fita ba, a cikin sitonka zai fita. Gyaɗa ma ta fi masara son bushewa, sai ruwanta ya sauko kamar kashi 7 ko 8.

2. Gwada hatsinka da gishiri. Sami kwalba busasshiya mai murfi. Zuba hatsi kamar sulusin kwalbar. Ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri. Rufe ka girgiza sosai, ka ajiye kamar minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya. In bai manne ba, ya bushe. Ka tabbata gishirin da kwalbar a bushe suke tun farko, in ba haka ba gwajin zai ruɗe ka.

3. Duba daɓen ɗaki. Ƙasa mai laima tana tura danshi sama dare da rana, ko da an yi mata siminti. Ga yadda za ka gane. Shimfiɗa leda a ƙasa, ka danne gefunanta da duwatsu ko bulo, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ɗaga ka ga ƙarƙashinta ya jiƙe, to daga ƙasa danshinka yake tasowa. Maganinsa shi ne a shimfiɗa leda mai kauri ko'ina, a ɗora bakin wata a kan wata, sa'an nan a zuba siminti ko a yi sabon daɓe a kai.

4. Kori ruwa daga gindin bango. Ruwan da ke zuba daga kwano in ya kwanta a gindin gini, ƙasa za ta sha, ya ratso ciki. A cika gindin bango da ƙasa ta yi gangare zuwa waje. A haƙa 'yar magudana ta kai ruwan nesa. Wanda ya sami hali ya sa indararo ya tara ruwan a duro, ya sami riba biyu.

5. Fitar da abubuwa masu jiƙa. Kada a ajiye randa ko duro na ruwa a buɗe a cikin sito. Kada a shanya wanki a ciki. Ɗanyen itace, ɗanyar harawa da ɗanyen kara duk suna fitar da ruwa. In an wanke babur ko ruwan sama ya dake shi, a bar shi ya tsane a waje kafin a shigar da shi gareji.

6. Kada a yi girki a ciki. Tukunya tana tada tururi. Kananzir kansa in ya ƙone yana fitar da tururi, lita ɗaya tana ba da ruwa kamar lita ɗaya. Kuma kada ka hura gawayi ko ka tada janareta a rufaffen ɗaki wai don ya bushe. Suna fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mutum yana barci.

7. Kada a haɗa dabbobi da hatsi ɗaki ɗaya. Numfashinsu da fitsarinsu da kashinsu duk danshi ne. A ɗakin kaji a riƙa sake shimfiɗa in ta jiƙe, a gyara mazubin ruwa in yana zuba.

HANYA TA BIYU: BA ISKA HANYA

Mutane da yawa sukan toshe sito ko'ina saboda tsoron ɓera da ɓarawo. Ɗakin da ba ya numfashi kuwa, duk danshin da ya shiga ba shi da mafita.

Iska mai ɗumi sama take tashi. Saboda haka ɗaki yana bukatar ƙofofin iska iri biyu: na ƙasa inda sabuwar iska za ta shigo, da na sama inda mai danshi za ta fita. A huda ƙananan tagogi a bango biyu masu kallon juna, domin iska ta ratsa. Na sama su kasance dab da rufi, a wurin da bango ya fi tsawo. Ƙananan tagogi huɗu a bango biyu sun fi babbar taga ɗaya amfani.

Kada a cike tsakanin kan bango da kwano da laka ko siminti gaba ɗaya. A bar 'yar tazara kamar faɗin yatsu uku. A rufe ta da ragar waya mai ƙananan idanu, haka ma dukkan tagogin, don kada ɓera, tsuntsu ko jemage su shiga. A bar bakin kwano ya zarce bango sosai domin kada feshin ruwan sama ya shiga ta nan.

Ranar da aka yi rana mai kyau, a buɗe ƙofa daga hantsi zuwa la'asar, ɗakin ya sha iska. Da yamma ta yi a rufe. Ranar da ake ruwa ko hazo mai laima a bar ƙofa a rufe.

HANYA TA UKU: RABA ISKAR ƊAKI DA KWANO

In iska mai ɗumi ba ta taɓa kwano mai sanyi ba, zufa ba za ta yi yawa ba. Wannan shi ne amfanin silin. Mai kuɗi yana iya yin na katako ko na roba. Wanda ba shi da hali yana iya yin na zana, ko asabari, ko tabarmar kaba. Duk suna taimakawa, kuma suna rage zafin ɗaki da rana.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na ɗaya, a bar fili tsakanin silin da kwano, kuma a bar wa wannan fili ƙofofin iska a gefe biyu. In aka rufe shi ruf, zufar za ta ci gaba a ɓoye, ta ruɓar da silin da katako ba ka sani ba. Na biyu, zana da tabarma suna cin wuta, saboda haka kada a sa su a ɗakin da ake ajiye fetur ko ake tada inji. A kuma riƙa duba su saboda gara da ɓera. Na uku, in ka sami tsohon allon silin na asbestos, kada ka yanka shi ko ka fasa shi. Ƙurarsa tana lalata huhu.

A manyan garuruwa ana sayar da wata shimfiɗa mai ƙyalli wadda ake sawa a ƙarƙashin kwano lokacin rufi. Tana rage zafi da zufa. Wanda zai yi sabon gini yana iya tambaya a wurin masu sayar da kayan gini.

Kada ka manna leda a jikin kwano daga ciki. Ruwa zai maƙale tsakaninsu, tsatsa ta ci kwanon da wuri.

IN ZA KA YI SABON GINI

Tun ran gini, ran zane. Abin da za ka gyara da kuɗi kaɗan ranar gini, in ka bari sai an gama zai ci ninkinsa.

Zaɓi wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Ɗaga daɓen ya fi ƙasar waje tsawo da kamar taƙi ɗaya. Sa leda kafin siminti. Gaya wa magini ya bar ƙofofin iska tun yana jera bulo. Gaya wa kafinta ya ba rufin gangare sosai. Rufin da ya kwanta kamar faranti shi ya fi ɗiga, domin ɗigon ba ya samun gangarawa. Kuma sabon gini yana ɗauke da ruwa mai yawa a bango da siminti. A bar shi a buɗe ya bushe na wasu makonni kafin a zuba masa kaya. Ginin rani ya fi na damina saurin bushewa.

YADDA ZA A JERA BUHUNA

Kada buhu ya taɓa ƙasa. A jera katako ko itace a kan duwatsu, a ɗora buhuna a kai. A bar tazarar kamu ɗaya ko fiye tsakanin buhuna da bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. Kada a jera har su kai rufi, a bar kamar kamu biyu.

In ɗiga ta riga ta fara kuma ba ka sami halin gyara ba tukuna, ɗaura tamfol a sama da buhunan, ka karkata shi yadda ruwan zai gangara gefe guda ya zuba a bokiti. Kada ka lulluɓe buhunan da shi, domin zai tsare danshi a jikinsu.

Buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ake kira PICS, suna tsare hatsi daga ƙwari da danshin waje. Amma su ma sai hatsin ya bushe ƙayau kafin a ɗaure. In aka ɗaure ɗanye, a ciki zai lalace.

A riƙa duba sito kowane mako, da sassafe. Shafa kwano. Sa hannu cikin buhu. In ka ji ɗumi ko warin fumfuna, fitar da hatsin ka shanya nan da nan. Wanda ya riga ya yi fumfuna a ware shi, a ƙone ko a binne. Kada a ci, kada a ba dabbobi, kada a kai kasuwa a cuci wani.

ABUBUWAN TUNAWA

Ruwan da ke ɗiga da asuba ba tare da ruwan sama ba zufa ce, ba yoyo ba.

Shanya hatsi ya bushe kafin ajiya.

Leda a ƙarƙashin daɓe, magudana a gindin bango.

Ƙofofin iska sama da ƙasa, da ragar waya.

Silin yana taimakawa in an bar iska tana ratsa samansa.

Wanda yake son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Akwai kuma Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take Ilorin, tana da reshe a Kano. Aikinta ke nan.

Ya kai mai karatu, manomi yakan sha wahalar damina wata huɗu ko biyar kafin ya ga hatsi a buhu. Bai kamata a ce raɓar asuba ce za ta raba shi da shi ba. Gobe da sassafe ka shiga sitonka ka shafa kwanon. In ka ji laima, fara gyara tun kafin kaka. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wannan shafi, in bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.